Hannu da yawa a kan shafi ɗaya: kalmomin juyi da na wayar madubi a kundin ilmi na Hausa

Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne irin matsalolin da ke tasowa idan mutane da yawa suka haɗa hannu wajen rubuta kundin ilmi, wato littafin nan da Faransawa ke kira « encyclopédie », wanda ke tattara fannonin sani bisa jerin abacada. Za mu gwada maganarmu a kan batutuwa biyu: na'urar aika saƙo da hasken rana, da kuma lissafin juyi. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa su. A jerin abacada ba su kusa da juna, kuma ba mutum ɗaya za a ba su ya rubuta ba: na farko aikin masanin tarihi ne, na biyu na masanin lissafi. Amma doka ɗaya ce ke ƙarƙashinsu, kuma idan marubutan biyu ba su yi magana da kalmomi iri ɗaya ba, malamin makaranta da zai karanta su a Maraɗi ko a Tawa ba zai taɓa gane cewa abu ɗaya ake faɗa masa sau biyu ba.

Abin da aka koya daga kundin Diderot

Kundin da Diderot da d'Alembert suka jagoranta a Faransa ya fara fita a 1751, aka kammala shi a 1772: juzu'i 17 na rubutu, 11 na zane-zane, shigarwa kimanin 72,000, marubuta fiye da 130. Ba su yi aikin kara-zube ba. Marubuci yana da alamarsa a ƙarshen abin da ya rubuta: d'Alembert, mai kula da lissafi, harafin O, Rousseau, mai kula da kiɗa, harafin S, Diderot kuwa tauraro yake sawa a farkon nasa. Bugu da ƙari sun ɗinke shafuffukan da abin da suka kira « renvois », wato a ce wa mai karatu ya duba kalma kaza, don abin da abacada ta raba hankali ya sake haɗa shi.

Duk da haka aikin bai tsira ba. A 1764 Diderot ya gano cewa mai ɗab'in, Le Breton, yana bi a ɓoye yana yanke abin da yake tsoron zai jawo masa fushin hukuma, bayan an riga an duba shafuffukan gwaji. Sai a ƙarni na 20 aka samu wani kundi na waɗannan shafuffuka aka ga wani sashe na abin da aka cire. A yau Wikipedia, wadda aka kafa a 2001 kuma take da reshen Hausa, tana ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, saboda haka gyaran ɓoye ya yi wuya. Amma ajiye tarihin gyara bai magance abin da ya fi damunmu ba, wato a samu marubuta uku su kira abu ɗaya da sunaye uku, kowannensu kuma yana da gaskiya a garinsu.

Na'urar da sunanta

Na'urar da muke nufi ita ce wadda Henry Mance, ma'aikacin tangarahu ɗan Ingila, ya ƙera a Karaci a 1869. Kafinsa, a 1821, Gauss ya yi amfani da madubi yana jefa hasken rana nesa wajen awon ƙasar Hanoba a Jamus, amma nasa don awo aka yi shi. Ta Mance madubi ne zagayayye, faɗinsa a samfurin da sojan Ingila suka fi amfani da shi kimanin santimita 13, a kan ƙafafu uku. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗigo da ba a shafa wa azurfa ba. Ta nan mai aiki ke leƙawa ya saita inda yake so, kuma inuwar ɗigon ce ke nuna masa ko hasken na kan hanya. Akwai maɓalli a bayan madubin: in an danna shi madubin ya ɗan karkata, hasken ya faɗa wa mai kallo, in an sake, ya kauce. Da gajerar ƙiftawa da doguwa ake rubuta haruffan Morse. Sojan Ingila sun yi aiki da ita a yaƙin Afganistan na 1878 zuwa 1880, na Amurka a Arizona a 1886, kuma ɓangarorin biyu sun yi amfani da ita a yaƙin Buwa na Afirka ta Kudu, 1899 zuwa 1902. A ranar 17 ga Satumba 1894 sojan Amurka suka aika saƙo tsakanin duwatsu biyu, ɗaya a Utah ɗaya a Kolorado, tazarar kilomita 295, da madubai masu faɗin santimita 20.

Tun daga sunan ake fara tuntuɓe. Wanda ya yi karatu da Ingilishi zai kawo « heliograph » ya hausantar da shi heliyogaraf. Wanda ya yi da Faransanci, in ya buɗe ƙamus a kan « héliographe », abin da zai tarar a gaba shi ne wata na'ura dabam ta tashoshin duba yanayi, dunƙulen gilashi mai ƙona takarda don a auna awa nawa rana ta yi tana haskawa. Kusa da ita kuma ga « héliographie », sunan da Niépce ya ba dabararsa ta ɗaukar hoto a shekarun 1820. Abubuwa uku ke nan da saiwa ɗaya ta Girkanci. In aka ari kalmar yadda take, an aro ruɗanin tare da ita, kuma ba mamaki wata rana wani mai gyara, da kyakkyawar niyya, ya ƙara wa shafin saƙo sakin layi a kan awon hasken rana.

A ganinmu Hausa tana da abin da ya fi aro a nan. Kalmar waya ta daɗe da rabuwa da ma'anar zaren ƙarfe kawai. Mun ce wayar iska, mun ce wayar tarho, mun ce wayar hannu. Bisa wannan tsari, wayar madubi ta zauna daidai, kuma manomi zai gane ta ba tare da fassara ba. Heliyogaraf sai a bar shi a matsayin shigarwa mai layi ɗaya, wadda za ta tura mai karatu wurare ukun.

Akwai wani abu kuma da hannu da yawa ke jawowa, shi ne labarin da kowa ya gada daga wani. Littattafai da dama sun ce a yaƙin Maraton, shekara 490 kafin miladiyya, an yi saƙo da garkuwa mai ƙyalli, don haka wai Girkawa ne suka fara wayar madubi. Herodotus, wanda daga wurinsa labarin ya fito, ya ce an ɗaga garkuwa ne a matsayin alama; bai ambaci ƙyalli ko hasken rana ba. Garkuwar sojan Girka ma ƙumbo gare ta, kuma abu mai ƙumbo watsa haske yake yi. Irin wannan jimla, ko an cire ta, wani zai dawo da ita, domin ya gan ta a littafi. Maganinta shi ne a bar ta a cikin shafin tare da bayanin dalilin da ya sa ba a karɓe ta ba.

Inda batutuwan biyu suka haɗu

Doka ta farko ita ce: in aka juya madubi da digiri ɗaya, hasken da yake mayarwa zai juya da digiri biyu. Yanzu a duba abin da wannan ke nufi ga mai aikin wayar. Faɗin rana a ido kimanin rabin digiri ne, don haka hasken da madubi ke jefawa yana buɗewa da rabin digiri kawai: a nisan kilomita 10 faɗinsa bai kai mita 100 ba. Wanda ke wajen wannan ɗan fili ba ya ganin komai, abin da ya sa soja suka so na'urar. To amma rana ba ta tsayawa. Tana tafiya digiri 15 a awa, wato rubu'in digiri a minti. Daga tsakiyar hasken zuwa bakinsa rubu'in digiri ne. Ke nan in mai aiki ya bar madubinsa minti ɗaya bai taɓa ba, wanda yake aika wa ya kusa fita daga hasken. Dole hannunsa ɗaya na kan maɓalli, ɗayan na murɗa noti a hankali, kuma abin da zai juya madubin rabin tafiyar rana ne, kimanin sumunin digiri a minti.

Doka ta biyu ta shafi lokacin da rana ke bayan mai aiki. A nan sai ya kafa madubi na biyu: na farko ya karɓi rana ya miƙa wa na biyu, na biyu ya jefa. A lissafi an san cewa mayarwa biyu a jere daidai suke da juyi ɗaya, kuma girman juyin ninki biyu ne na kusurwar da ke tsakanin madubin biyu. Madubai masu kusurwar digiri 45 a tsakaninsu suna juya haske da digiri 90.

Wannan rabi da ninki shi ne zuciyar shafin lissafin. Euler ya nuna a 1775 cewa duk yadda aka motsa abu mai tauri alhali ɗigo ɗaya nasa na nan a kafe, sakamakon daidai yake da juyi guda a kan wani layi guda. A 1840 Olinde Rodrigues ya fitar da yadda ake haɗa juyi biyu su zama ɗaya, kuma a lissafinsa rabin kusurwa ne ke fitowa. A ranar 16 ga Oktoba 1843, a Dablin, Hamilton ya gano lambobin da ya kira kwataniyon, waɗanda za mu iya ce wa lambobi ƴan huɗu tunda kowace gaɓa huɗu gare ta. Da su na'urori masu ƙwaƙwalwa ke lissafa juyin kumbo da na hotunan da ke motsi, kuma a cikinsu ma juyin digiri 90 da 45 ake rubuta shi. Ɗalibi kan ɗauki wannan rabi tamkar wata ƙa'ida da aka ɗora masa. Wanda ya riga ya karanta shafin wayar madubi kuwa ya san daga ina rabin ya fito: kusurwar madubai biyun ce. Wannan shi ne amfanin turawa daga shafi zuwa shafi, amma ba zai yi aiki ba sai in kalmar da ta ce « juya » a shafi na farko ita ce ta ce shi a na biyu.

Aikatau na juyi

A nan ne aikin masanin harshe yake. Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Yawansu ne matsalar. Muna da juya, kewaya (wasu su ce gewaya, wasu zagaya), karkata, mirgina, murɗa, kifa, waiwaya, gara. Kowace da iyakarta a bakin mai magana, ko da bai taɓa tunanin iyakar ba. Mazari juyawa yake yi a inda yake. Mai neman ƙofar gida kewaya katanga yake yi, ya bar wurinsa ya bi da'ira. Tulu in ya karkata bai faɗi ba, ya dai bar tsaye. Jaki in ya mirgina, juyi ne haɗe da kwanciya a ƙasa. Murɗawa kuwa ƙarshe ɗaya ke juyawa ɗayan na riƙe, kamar wanki. Lissafin da muke magana a kansa na juya ne kaɗai, kuma ya kamata a killace masa ita: juya aikatau, juyi suna. Duniya tana juyawa a kanta a yini da kwana, tana kewaya rana a shekara.

A lura da wani tarko na fassara. Faransanci yana kiran kewayen duniya da rana « révolution », kalmar da a siyasa muke fassarawa juyin juya hali. Mai fassara da ya saba da jaridu hannunsa zai kai ga juyi, alhali a nan kewaye ake nufi, juyi kuwa shi ne « rotation ». Kalma ɗaya in ta zame a nan, yini ya zama shekara.

Sai kuma gira-giran aikatau, waɗanda Parsons ya tsara a 1960. Daga saiwa ɗaya muna samun juya, juyo, juye, juyu, juyar da. A hira wannan arziki ne. A shafin lissafi kowace tana ɗauke da wani bayani da marubuci bai yi niyya ba. « Juyo da madubin » ta sa mai magana a wani wuri, ta ce juyin wajensa ya nufo, alhali mai karatu bai san inda marubuci ke tsaye ba. Juye ta tafi ga zuba abu daga wani mazubi zuwa wani. Juyu tana nuna yiwuwa ko cikar aiki. Shawararmu ita ce a tsaya ga juya, a faɗi layin da adadin digiri a fili, a bar juyo sai inda aka riga aka ambaci wurin mai kallo. Haka kuma jujjuya, mai nuna maimaici, kada a sa ta don ƙawata jimla: in an ce an jujjuya madubi, an ce an yi ta kai da komo da shi ne.

Dama da hagu, gabas da yamma

Juyi biyu a jere ba a musanya su. Mai karatu ya gwada da littafin da ke hannunsa. Ya fuskanci arewa, ya ajiye littafin a kwance, bango a sama, kansa na kallon arewa. Aiki na farko: ya tayar da shi tsaye, bango ya kalli kudu. Aiki na biyu: ya juya shi rubu'in da'ira a kan layin da ya taso daga ƙasa zuwa sama, ta yadda abin da ke kallon kudu zai kalli gabas. Littafin na tsaye, kansa a sama, bango na kallon gabas. Yanzu ya koma farko ya soma da aiki na biyu: littafin na kwance, kansa ya koma yamma. Sa'an nan ya tayar da shi kamar ɗazu. Bango na kallon kudu, kan na yamma, littafin na tsaye a kan gefensa. Ayyuka iri ɗaya, sakamako biyu. A lambobin Hamilton wannan shi ne ij = k amma ji = −k. Saboda haka a wannan shafi « sa'an nan » da « bayan » kalmomin lissafi ne, kuma mai gyaran salo da ya sauya jerin jimla don ta fi daɗin ji ya sauya amsar.

Mun yi wannan gwaji da gabas da yamma da gangan. Bahaushe ya saba faɗin wuri da kusurwoyin duniya: matsa gabas, ɗakin arewa, ƙofar yamma. Waɗannan ba sa motsi in mutum ya juya. Dama da hagu kuwa tare da jiki suke tafiya. Masana lissafi suna da hanyoyi biyu na bayyana jerin juyi, ɗaya a kan layuka kafaffu, ɗaya a kan layukan da ke manne da abin da ake juyawa, kuma yawancin saɓanin da ake samu tsakanin marubuta daga rashin faɗin wadda aka ɗauka yake fitowa. Kusurwoyin Euler kaɗai ana iya jera su ta hanya 12. Su ma lambobi ƴan huɗu, wasu injiniyoyin kumbo na Amurka sun rubuta su da ƙa'idar ij = −k, kishiyar ta Hamilton. In marubuci ɗaya ya kwafo daga wannan littafi, na biyu daga wancan, kowane layi daidai ne a inda aka ɗauko shi, shafin kuwa ƙarya yake yi. Hausa ta riga ta raba hanyoyin biyu a maganar yau da kullum, kuma wannan gata ne da ya kamata a mora: layukan gabas da arewa ga na farko, layukan dama da gaba ga na biyu. Sai dai a tsayar da kudu da hagu a cikin rubutun, a ambaci gusum da hauni na karin yamma sau ɗaya a shigarwarsu.

Game da wajen da juyi ya nufa, lissafi ya ɗauki kishiyar tafiyar hannun agogo a matsayin wajen ƙari. Agogo mai hannu yana raguwa a gidaje. Ɗawafi kuwa kowa ya san wajensa, ana barin Ka'aba a hagu, kuma in an dube shi daga sama wajen ƙarin ke nan. Ko da yake ɗawafi kewaye ne, ana iya aro sunansa don nuna waje kawai, muddin an ƙara faɗin daga ina ake kallo, domin abin da ke bin agogo daga sama saɓa masa yake daga ƙasa.

Tsarin aiki

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aiki a kan haruffa da ƙa'idojin rubutu. Kalmomin fannoni kuwa ba taro ɗaya ke tsayar da su ba, wurin rubutu ake tsayar da su. Abin da muke ba da shawara shi ne kada a raba shafuffuka ga marubuta sai an riga an cika katin kowace kalma: kalmar, ma'anarta a jimla ɗaya, misali, abin da ba ta nufi ba, sauran kare-karen harshe, da sunan wanda ya tsayar. Mai son sauya kalma ya sauya katin tukuna, a gaban kowa, kafin ya taɓa shafi. A saman shafin lissafi a rubuta ƙa'idojin da aka ɗauka, duk abin da aka kwafo daga waje a mayar da shi kansu. Kuma shafi bai kammala ba sai an ba malamin firamare ko na yaƙi da jahilci ƙaramin madubi, an bar shi da rubutun shi kaɗai, an ga ko zai iya jefa haske a bangon da aka nuna masa ya riƙe shi minti biyar.

Kati ɗaya ne har yanzu muke ganin yana bukatar muhawara, na abin da Faransanci ke kira « axe ». Tsakiya ba ta isa ba, domin ɗigo ce, wannan kuwa layi ne. Mazari yana da kyau wajen koyarwa, sai dai shi kansa yana juyawa, alhali abin da ake nufi shi ne layin da ya ratsa cikinsa wanda ba ya motsi. A wannan maƙala mun yi amfani da layi kawai, kuma layin juyi shi muke ba da shawarar a sa a kan katin, a bar mazari a wurin misali, har sai an gwada su biyun a aji a Damagaram da Dogon Dutsi an ga wanda yara suka riƙe.